Giyar inabin Riesling ta Jamus: yaya ɗanɗanonta yake, kuma da wane abinci ta fi dacewa?

Ɗan Koyo a Mainz ya rubuta:

Barkanku da warhaka, iyayena da yayyena. Ina koyon aikin hidimar baƙi a wani gidan cin abinci da ke birnin Mainz, a ƙarƙashin tsarin koyon sana'a na Jamus wanda ake raba lokacin ɗalibi tsakanin wurin aiki da makaranta, kuma yanzu mun shiga darasin giyar inabi, wanda ba makawa sai ya fito a jarrabawa. Ni kaina ba na shan barasa, kuma ba ni da niyyar farawa, amma aikina ya ƙunshi in tsaya a gaban tebur in ba baƙo shawara, kuma ba na so in riƙa faɗa wa mutane abin da na haddace kawai ba tare da na fahimci dalilinsa ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Riesling. A takardar abin sha ta gidanmu wannan suna ya fito a wurare da yawa: wata kwalbar an rubuta mata trocken, wata feinherb, wata Kabinett, wata Spätlese, farashinsu kuma ya bambanta ƙwarai, alhali an ce duk daga irin inabi ɗaya aka yi su. Wani baƙo zai ce Riesling ta cika tsami, na kusa da shi kuma ya ce ta cika zaƙi, kowannensu yana magana babu ko tantama. To, wanne ne ainihin ɗanɗanonta? Ta yaya wanda bai taɓa kai ta baki ba zai gane abin da ke cikin kwalba daga rubutun da ke jikinta? Sannan idan baƙo ya zaɓi kifi, ko kaza, ko abinci mai yaji irin na ƙasashen Asiya da muke dafawa wani lokaci, wace iri ya kamata in kawo masa? Zan yi farin ciki da duk wanda ya san harkar ya ƙara mini haske.

Tsohon Ma'aikaci a Trier ya amsa:

Sannu da ƙoƙari, ƙanena. Baƙin nan naka biyu kowannensu gaskiya ya faɗa, domin abu biyu ne ba sa rabuwa da Riesling, wato tsami da ƙamshi, abu ɗaya kuma yana hannun mai yin giyar, wato yawan sukarin da ya bari a ciki. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin duk zai zo maka da sauƙi.

Tsamin daga yanayin ƙasar yake. Inabin Riesling ba ya nuna da wuri, yawanci sai a watan Oktoba ake tsinkarsa, wani lokaci har cikin Nuwamba, kuma ana nomansa a ƙasa mai sanyi da ke can arewa. A dandalin Gutenberg na garinku akwai layin da aka shimfiɗa a ƙasa don nuna cewa Mainz tana kan digiri 50 arewa da tsakiyar duniya. Rana tana ƙara wa 'ya'yan inabin sukari a hankali, sanyin dare kuma yana hana tsaminsu zubewa, shi ya sa ake samun duka biyun a cikin ƙwaya ɗaya. Ƙamshin kuwa ya danganta da yadda inabin ya nuna. Wanda aka tsinka a wuri mai sanyi yana ba da ƙamshin ɗanyen tuffa da lemun tsami, wanda ya fi shan rana yana karkata zuwa 'ya'yan itacen da Jamusawa ke kira Pfirsich da Aprikose, wanda ya daɗe a jikin kurangarsa kuma yana kawo ƙamshin zuma da abarba. Wannan ɓangaren ba ya buƙatar ka sha komai, domin hanci ne yake gane shi, kuma mafi yawan abin da mutane ke kira ɗanɗano daga hanci yake zuwa.

Ga yadda za ka karanta kwalba. Idan aka matse inabi, yis yana cinye sukarin ruwan yana mayar da shi barasa, kuma kimanin giram 17 na sukari a kowace lita shi ke ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Saboda haka idan ka ga Riesling mai kashi 12 ko 13, ka sani yis ya cinye kusan duk sukarin. Idan kuma ka ga mai kashi 8, to an tsayar da aikin yis tun bai gama ba, sukari ya rage a ciki. Ni a ganina wannan lambar ta fi kowace kalma da ke jikin kwalbar amfani ga mai hidima. Dokar kuma ta ƙayyade kalmomin: trocken, wato marar zaƙi, ba ta wuce giram 9 na sukari a lita, kuma ko hakan sai idan tsaminta ya kai aƙalla giram 7, halbtrocken tana iya kaiwa giram 18, feinherb kuwa doka ba ta yanka mata iyaka ba, amma a aikace tana kusa da halbtrocken ko ta ɗan fi ta zaƙi.

Sai dai kada ka auna zaƙi da giram kaɗai. Ka tuna kunun tsamiya: sukarin da zai gundure ka a cikin ruwa zalla, idan ya haɗu da tsamiya sai ka ji ya yi daidai. Kabinett ta yankin Mosel sau da yawa tana ɗauke da sukarin da ya haura giram 40 a lita, amma saboda ƙarfin tsaminta mai sha ba ya jin ta yi masa nauyi.

Kalmomin Kabinett, Spätlese, Auslese, Beerenauslese da Trockenbeerenauslese, waɗanda dokar giya ta 1971 ta tsara, suna magana ne a kan yawan sukarin inabin a ranar da aka tsinke shi, kafin yis ya taɓa shi, kuma a nan ne masu koyo da yawa suke rikicewa. Spätlese inabi ne da ya fi na Kabinett nuna, amma mai giyar yana iya barin yis ya cinye sukarin gaba ɗaya, sai ka ga an rubuta Spätlese trocken, giya marar zaƙi mai ƙarfi. Idan aka rubuta Spätlese ita kaɗai ba tare da trocken ba, to ka ɗauka mai zaƙi ce.

Saura yanki. Jamus tana da yankunan noman inabi 13, kuma Riesling ta mamaye kimanin hekta 24,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gonakin inabin ƙasar, ba kuma jiya aka fara ba, domin tun a 1435 sunan ya fito a littafin lissafin wani basarake a Rüsselsheim. A nan Mosel gonakin suna manne da gangaren tsaunuka a bakin kogi, ƙasar kuma ɓaraguzan wani dutse ne mai falle-falle da ake kira Schiefer. Idan ka hau gangaren da yamma ka ɗauki falle ɗaya, za ka ji shi da ɗumi a tafin hannunka bayan rana ta kauce, kuma wannan ɗumin ne yake taimaka wa inabin ya nuna. A Calmont, kusa da ƙauyen Bremm, gangaren ya kai kusan digiri 65, babu motar noma da ke iya hawa, da hannu ake yin komai, shi ya sa kada farashin ya ba ka mamaki. Giyar Mosel ba ta da nauyi, tsaminta kuma a fili yake. Ta Rheingau, da ke tsallaken kogi daga garinku, ta fi ta ƙarfi kuma galibi marar zaƙi ce, ta Pfalz kuwa, inda ya fi ɗumi, ta fi cika baki da ƙamshin 'ya'yan itace nunannu. Ku ma a Rheinhessen kuna da jan gangaren Nierstein, wanda ba shi da nisa da Mainz, kuma ina ba ka shawara ka je ka gan shi da idonka.

Uwar Girki a Wiesbaden ta amsa:

Yaya na Trier ya gama da kwalba, bari ni in yi magana daga madafa, inda na daɗe ina aiki. Ɗana, idan baƙo ya zaɓi abinci, kada ka tsaya a kan kifi ne ko kaza; ka tambayi kanka da wace miya aka haɗa shi, domin maiƙo da gishiri da yaji da tsamin miyar su ne suke karo da giyar a baki.

Ɗauki kifin Forelle da ake soyawa a man shanu bayan an barbaɗa masa fulawa. Yana fitowa daga kasko fatarsa ta yi ja, man yana kumfa a gefensa, sai a ɗora masa yankan lemun tsami da dafaffen dankali. Aikin da lemun nan yake yi, na yanke maiƙo don kada ya gundure mai ci, shi ne aikin da Riesling trocken take yi, saboda haka wannan haɗin ba ya ɓaci. Haka kifin Zander, da jatan lande, da kifin da aka banda da hayaƙi. Idan kuwa kaza ce ko naman maraƙi a cikin miya mai kirim, ƙaramar giyar Mosel za ta ɓace a ƙarƙashin miyar, sai ka kawo trocken mai ƙarfi ta Pfalz ko ta Rheingau. Abincin gargajiyar yankunan nan, irin su kabejin da aka tsima da ake kira Sauerkraut tare da naman alade, ko agwagwa da dinya da ake gasawa a lokacin hunturu, duk suna da maiƙo da gishiri, kuma tare da wannan giyar suka taso.

Batun yaji shi ne inda nake so ka fi kula, domin a nan ne ake yawan kuskure. Barasa tana ƙara wa barkono zafi a harshe, sukari da sanyi kuma suna kwantar da shi. Idan ka ba mai cin miyar kori ta Tailan, wadda aka yi da madarar kwakwa da citta da barkono, giya marar zaƙi mai kashi 13, zafin zai ninka, giyar kuma ta koma masa da ɗaci. Amma Kabinett ko feinherb mai kashi 8 zuwa 10 tana da sukarin da zai tare zafin, da tsamin da zai yanke maiƙon kwakwar, da ƙarancin barasar da ba za ta hura wutar ba. Wannan hukuncin ya shafi abincin Indiya da na lardin Sichuan na ƙasar Sin, kuma ya shafi namu: a gidajen abincin Afirka da ke Frankfurt, Bajamushen da ya zauna da farfesu mai attaruhu ko tsire da yajin ƙuli, irin wannan giyar ce za ta yi masa daidai, ba jar giya ba.

Akwai wuraren da ba na son ganinta. Ganyen salak da aka cika wa ruwan khal yana haɗa tsami da tsami har haƙori ya mutu, gasasshen naman sa mai kauri kuma ya fi ƙarfinta. A kayan zaƙi ƙa'idar ita ce giyar ta fi abincin zaƙi, in ba haka ba za ta koma tsami zalla, saboda haka Auslese tana tafiya da kek ɗin tuffa, amma ba ta jituwa da cakulan. Haɗin da na fi ganin baƙi suna yabawa shi ne Auslese ko Beerenauslese da cuku mai shuɗin jijiyoyi, inda gishirin cukun da zaƙin giyar suke daidaita juna. Ka kuma kula da sanyi: digiri 8 zuwa 10 ya isa, domin idan kwalba ta daɗe a cikin ƙanƙara ƙamshin yana ɓuya, tsamin kaɗai ya rage, sai baƙo ya zargi giyar da laifin da ba nata ba.

Ɗan Koyo a Mainz ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Yaya da Mama, Allah ya ƙara girma. Saura mini abu uku. Akwai wata tsohuwar Riesling a ma'ajiyarmu da idan aka buɗe ta nake jin wari kamar na kananzir, kuma ban san ko lalacewa ta yi ba. Na biyu, lokacin Spargel, wato tohon tsiron da Turawa ke kira asparagus, ya kusa, kuma ina so in san ko Riesling ce ake bayarwa da shi. Na uku, muna samun baƙi da yawa da ba sa shan barasa, kamar ni, kuma ina so in ba su abin da ya dace da abincinsu maimakon lemun kwalba kullum.

Tsohon Ma'aikaci a Trier ya amsa:

Hancinka bai yaudare ka ba, ƙanena, kuma giyar ba ta lalace ba. Warin nan daga wani sinadari yake da ake taƙaita sunansa da TDN, wanda ke samuwa a hankali yayin da Riesling take tsufa a cikin kwalba, kuma ya fi yawa a inabin da rana ta buga sosai ko ya sha ƙishirwa a shekarar zafi. Masu son tsohuwar Riesling suna neman ɗan kaɗan daga cikinsa tare da ƙamshin zuma, amma idan ya danne komai, ko ya bayyana a giyar da ba ta wuce shekara biyu ba, masana da yawa suna ɗaukarsa aibi. Abin da ya kamata ka yi shi ne ka sanar da baƙo tun kafin ka buɗe, domin wanda bai saba ba zai zaci an ba shi gurɓatacciya. Warin da ke nuna lalacewa daban ne: idan ka ji kamar jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da danshi ya kama, to toshiyar kwalbar ce ta ɓata giyar, sai ka canza ta ba tare da gardama ba.

Tsami da sukari su ne suke ba Riesling tsawon rai, shi ya sa Spätlese da Auslese masu kyau suke iya shekara ashirin ko fiye. Idan baƙo ya tambaye ka asalin Spätlese, labarin da ake bayarwa shi ne a 1775 manzon da ke kawo izinin tsinka daga mai mulkin Fulda zuwa gonar Schloss Johannisberg ya makara, kafin ya iso wata irin fumfuna ta kama inabin ya yanƙwane, amma da aka matse shi sai giyar ta fi ta kowace shekara. Fumfunar tana huda fatar ƙwayar, ruwa ya fita, sukari ya taru. Mutum-mutumin manzon a kan dokinsa yana nan a harabar gidan har yau. Idan kuma ka ga hoton gaggafa da nonon inabi a wuyan kwalba, alamar ƙungiyar manoma ta VDP ce, haruffan GG kuma suna nufin giya marar zaƙi daga gona mafi daraja, wadda ita ce yawanci mafi tsada a takardarku.

Ɗalibar Noma a Geisenheim ta amsa:

Ina gaida Baba na Trier da Mama, ina kuma neman izinin in ƙara a kan tambayoyi biyun da suka rage. A kan Spargel, wanda lokacinsa ke farawa a Afrilu ya ƙare ranar 24 ga Yuni, ba Riesling zan fara miƙawa ba. Farin Spargel yana da ɗan ɗaci mai laushi, tsami mai ƙarfi kuma yana fito da ɗacin fili. Giyar wani irin inabi da ake kira Silvaner, ta yankin Franken, wadda za ka gane ta da kwalbarta mai faɗin ciki da ake kira Bocksbeutel, tsaminta bai kai na Riesling ba, ƙamshinta kuma yana kusa da na ganye da ƙasa, shi ya sa ta fi zama da shi. Giyar inabin Weißburgunder ma tana yi, musamman idan an zuba miyar ƙwai da man shanu. Idan baƙo ya nace sai Riesling, ka zaɓi ta Pfalz ko ta Rheinhessen, kada ka kawo ta kogin Saar mai kaifin tsami.

A kan maganar Mama game da yaji na yarda da ita, sai dai akwai wahalar da za ka tarar a tebur. Jamusawa da yawa sun taso da ra'ayin cewa giya mai zaƙi mai arha ce, saboda irin waɗanda aka cika kasuwa da su a shekarun 1970 da 1980, saboda haka da ka ambaci zaƙi sai su ce a kawo trocken. Ja-in-ja ba ya amfani a nan. Idan gidanku ya yarda, ka zuba masa ɗan kaɗan na feinherb ya gwada da lomar farko, ya yanke hukunci da kansa.

Ga waɗanda ba sa sha, akwai hanya biyu, kuma wajibi ne ka bambanta su ga baƙo. Ta farko ita ce Riesling da aka cire wa barasa, fasahar da gidan Carl Jung na Rüdesheim ya fara tun farkon ƙarni na 20: ana ɗumama giyar a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, inda barasa ke tashi a zafin da bai fi kimanin digiri 30 ba, don kada ƙamshin ya ƙone. Amma asalinta giya ce, kuma doka ta yarda a kira ta alkoholfrei ko da akwai ragowar barasa har kashi 0.5 cikin 100, saboda haka wanda ya guje ta don addini, ko mai juna biyu, ko wanda ya daina sha don lafiyarsa, yana da haƙƙin ka gaya masa wannan kafin ka zuba. Da yake cire barasa yana rage mata kauri, masu yin ta sukan ƙara mata ruwan inabi mai zaƙi, wanda hakan ya sa take tafiya da abinci mai yaji fiye da yadda take tafiya da soyayyen kifi.

Hanya ta biyu ita ce Traubensaft, ruwan inabin da aka matse aka dafa shi sama-sama aka rufe, yis bai taɓa shi ba. Gonaki da yawa a Rheingau da Rheinhessen suna yin sa daga Riesling zalla, wasu har da iskar gas a ciki. Sukarinsa yana da yawa ƙwarai, domin duk abin da inabin ya tara yana nan, saboda haka a tebur ana sirka shi da ruwa mai gas, rabi da rabi ko ruwan ya ɗan fi yawa, a ba da shi da sanyi a kofin giya mai ƙafa. Wannan kai ma kana iya sha, kuma a cikinsa za ka ji tsamin tuffa da lemun da Baba ya bayyana maka.